Rabon Ungulu

Duk wanda ya taɓa sayen nama a Abbatuwa, mayankar Jos, a shekarun baya ya san Malam Jika, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin kafaɗa wanda ba ya ɗaga murya, wanda idan ya feɗe sa sai ka ɗaga fatar ka duba ta a rana ba ka ga huda ko ɗaya ba. Kakansa ya zo Jos ne zamanin haƙar kuza yana gasa wa leburori nama, ubansa ya gaji fawa, shi ma ya gada. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana shiga mayanka da sassafe, komai tsananin sanyin Jos.

Akwai abu ɗaya da ubansa ya koya masa wanda ba ya cikin aikin wuƙa. Duk lokacin da aka gama fiɗa, tsohon yakan tattara tantani da jijiya da guntayen kitsen da ba mai saye, ya wurga su kan rufin kwano, ya ce, "Ga rabon ungulu." A zamanin ungulaye sun fi mahauta yawa a Abbatuwa. Sukan jeru a kan kwano da sanƙon kansu suna jira, kafin azahar sun kwashe duk ƙazantar da aka bari. Ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Daga baya masu neman kawunansu don haɗa magani suka shigo da tarko da guba, suka riƙa ɗiba a buhu. Wata safiya Jika ya wurga rabon kan kwano, washegari ya tarar da shi a inda ya faɗi, ƙudaje sun rufe shi. Ya ci gaba da wurgawa na ɗan lokaci har yara suka fara yi masa dariya, sai ya daina.

Da gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, ya miƙa wa ɗansa Sharafaddeen teburi da wuƙaƙe, ya riƙe barhon ubansa kaɗai, ya shafe shi da mai ya naɗe a tsumma. Ya koma gidansa na Daɗin Kowa ya zauna. To, zama bai karɓi Jika ba ko kaɗan. Mutumin da ya saba ba da umarni tun asuba ya dawo ba shi da wanda zai umarta sai matarsa Talatu, ita kuwa ba yarinyar shagonsa ba ce. Ranar da ya tsaya a kanta a kicin yana gaya mata ta yanka naman miya ba bisa jijiya ba, ta ajiye wuƙar, ta ɗauki kujerarsa ta kai bayan gida ta dangwarar.

"Malam, ga wurinka nan. In abinci ya nuna zan kira ka."

Bayan gidan ba wani abin kallo ba ne. Gwaiba ɗaya, akurkin kaji, igiyar shanya, sai katangar da ta raba su da maƙwabcinsu Dantong, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya daga Kuru. A cikin gidan Dantong akwai wani dogon itacen turare da rassansa suka leƙo har kan gidan Jika. Nan Jika ya zauna yana cika yana batsewa, yana kallon tsakin da Talatu ta watsa wa kaji. Kafin kajin su ankara wasu 'yan jajayen tsuntsaye sun sauko sun fara wawasa. Wani ɗan mitsitsi a cikinsu ya tsaya gaban zakara bai ko motsa ba. Jika ya auna shi da idon mahauci, ya ga ko tsinken tsire ɗaya ba zai cika ba, amma ga ƙarfin hali. Dariya ta kuɓuce masa, ta farko tun da ya bar aiki.

Daga ranar ba a sake korarsa bayan gida ba, da ƙafarsa yake zuwa. Ya samo tsohon kasko ya ɗora a kan bulo yana cika shi da ruwa. Ya riƙa satar wa Talatu gero a aljihu, tana gani tana kawar da kai. Kafin shekara ta zagayo ya san masu zuwa kamar yadda ya san masu sayen namansa a da. Kurciya mai kunya ce, sai kowa ya gama take saukowa. Marai masu surutu ne da rigima, sun cika gwaiba da sheƙa, namijin ya wuni yana saƙa, macen ta zo ta duba ta ƙi, shi kuma ya warware ya sake. Idan haka ta faru Jika yakan ƙwala wa Talatu kira ta zo ta ga halinsu na mata. Ragon maza yakan ratso ta gindin katanga yana tafiyar ƙasaita. Zalaidu da damina yakan ja doguwar jelarsa ya hana kowa shan ruwa, Jika yana yi masa faɗa da sunan wani dillalin shanu da suka taɓa samun saɓani. Hankaka kuwa ɓarawo ne, kuma Jika bai taɓa ɓoye masa ra'ayinsa a kansa ba. Da Sharafaddeen ya ga abin ya zama gaske, ya sayo masa madubin hangen nesa na gwanjo a kasuwar Taminus. Gilashin ido ɗaya ya tsage, amma Jika ya rataya shi a wuya ko masallaci za shi sai Talatu ta tuna masa ya cire.

Wata safiya bayan an gama girbi, yana zaune da shayinsa, inuwa ta gifta ta kan kaskon, tsuntsaye suka watse. Ya ɗauka shirwa ce. Ya ɗaga madubi ya duba ƙololuwar turaren Dantong. Ungulu ce, da ƙiraren itace a baki. Can kuma ga ta biyu ta sauka kusa da ita. Rabonsa da ganin ungulu tun Sharafaddeen bai yi aure ba. Ya sauke madubin ya goge idonsa ya sake ɗagawa, suna nan. Talatu ta fito da shanya ta same shi hawaye na bin gemunsa.

"Lafiya, Malam? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Baƙi muka yi. Ki rufa mini asiri, kada ki gaya wa kowa."

Ya san abin da yake tsoro. Idan labari ya kai kunnen masu buhu, kwana ɗaya ya isa. Ya sa Sharafaddeen ya riƙa aiko masa da tantani da jijiya a leda, bai gaya masa dalili ba. Kullum bayan sallar asuba yakan wurga su kan rufin akurki, ya ce a hankali, "Ga rabon ungulu." Da farko hankaki ne suka ci moriyar. Daga baya ɗaya daga cikin ungulayen ta sauko, ta dube shi da gefen ido, ta ɗauka ta tashi. Sheƙa ta ginu, ɗaya ta kwanta ɗaya tana kawo abinci, suna canji. Can cikin rani wani ɗan kai mai furfurar gashi ya leƙo ta bakin sheƙar. Mummuna ne ƙwarai, ba a jayayya. Jika ya wuni yana cewa Talatu ta zo ta ga kyau.

Ana cikin haka Dantong ya leƙo ta kan katanga wata yamma, suka gaisa kamar kullum. Sun shekara da shekaru suna maƙwabtaka, kuma a lokutan da garin ya rikice kowa ya tsare wa ɗan'uwansa ƙofa.

"Oga Jika, na zo in gaya maka ne kafin ka ji ƙarar inji. Za mu sare wannan itace. Bikin 'yata Klaudiya ya matso, bayan Ista ne."

Jika ya nuna sheƙar. "Baban Klaudiya, akwai ɗa a sama. Bai yi fiffike ba tukuna."

"Na sani, wallahi na sani. Amma Madam ya ce surukai ba za su zo su ga ungulu a kan gidan amarya ba. Ga kashi a kan shanya, ga wari. Kuma in iskan damina ya zo, wannan reshe zai sauka a kan kicin. Sori, Oga. Magana ya fi ƙarfina."

Jika bai ga laifin Ana, matar Dantong, ba. Itacensu ne, 'yarsu ce, kuma shi kansa ya ga abin da ungulayen suka yi wa zannuwanta. Amma ya san ɗan ba zai tashi ba sai ruwan farko ya sauka, kuma idan itacen ya faɗi da shi a sama, shi ke nan. Ya aika Talatu ta roƙa, ta dawo da haƙuri da kwanon acca. Ya daina cin abinci sosai. Ko marai suka yi faɗa ba ya kiran kowa.

Saura 'yan kwanaki biki, matar Dantong ta shigo da kanta. A Daɗin Kowa, kamar sauran unguwannin Jos da ake zaune a cakuɗe, idan gidan Kirista za su yi yanka na taro sukan kira Musulmi ya yanka, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Ta zo ne a roƙa mata Sharafaddeen.

"Baba Jika, sa ne babba, daga ƙauye aka kawo. Ranar Alhamis da safe, don ranar ne ma mai inji zai zo, Juma'a a kafa rumfa."

Jika ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Maman Klaudiya, yarinyar nan a gabana ta koyi tafiya. Ba wanda zai yanka san bikinta sai ni."

Bayan ta fita Talatu ta riƙe haɓa. "Malam, da wace gwiwar? Ka manta ko buta sai an miƙo maka?"

Jika ya shiga ɗaki ya warware tsumman barhon ubansa, ya zauna bakin dutse yana wasawa har la'asar.

Ranar Alhamis bayan gidan Dantong ya cika da dangi. Mai inji ya riga kowa zuwa, ya ajiye injinsa a gindin turare yana zuba masa mai, an ce ya jira a gama da sa tukuna. Sharafaddeen ya zo taya ubansa. Samari suka ɗaure san suka kayar, Jika ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara har na kusa suka ji. Ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa sau ɗaya. Daga nan kuma hannun ya tuna aikinsa. Ya tsaga, ya bi fata da dunƙulen hannu, ya zare kayan ciki ba tare da ya fasa matsarmama ba, ya raba gaɓa da gaɓa ba a ji sara ba sai inda ƙashi ya tilasta. Matan da ke wanke tukwane suka bar tukwanen suka zo kallo. Zufa ta jiƙa masa riga duk da sanyin safiya, bayansa yana ci kamar wuta, amma bai yarda ya nemi kujera ba. Da ya gama, Sharafaddeen ya ɗaga fatar ya juya ta ga rana don kowa ya gani. Babu huda.

Dantong ya ɗauko wuyan san a faranti, kamar yadda aka saba ba wanda ya yi yanka, ya ƙara da ƙatuwar tsoka a kai. Jika ya goge barhonsa, ya miƙe da ƙyar, ya mayar da farantin.

"Baban Klaudiya, yau ba wuya nake so ba. Tun da nake yanka ba a taɓa hana ni ladana ba, kuma ban taɓa zaɓa ba sai yau." Ya nuna sama da bakin wuƙa. "Ku bar mini itacen nan har ɗan can ya tashi. Ranar da ya tashi, ni da kaina zan kira mai inji."

Kowa ya ɗaga kai, wasu sai a lokacin suka san abin da ke sama. Ana ta saki ludayin da ke hannunta.

"Haba, Baba Jika! A gaban mutane za ka ɗaure ni? Ungulu fa! Ranar auren 'yata!"

A cikin dangin akwai wani tsoho, Mwadkon, kawun Dantong, wanda ya rako san daga ƙauye. Ya daɗe yana kallon sama da hannu a goshi. Ya ce, "Ana, bari in gani da kyau. Kai! Ashe suna nan. Muna yara, in aka yi yanka a gidanmu wannan tsuntsu bai sauko ba, tsofaffi ba sa sakin jiki da naman. Na ɗauka sun ƙare a duniya." Ya juya ga Dantong. "Mutum ya yanka maka sa, ya faɗi ladansa. A gidanmu ba a mayar da wannan."

Jika ya sunkuya ya tattara tantani da jijiya, ya wurga kan rufin kicin ɗin Ana, ya faɗa da ƙarfi yadda ubansa yake faɗa, "Ga rabon ungulu!" Ba a daɗe ba uwar ta saki reshe ta sauko a gaban taron, ta taka kwano ƙwaras ƙwaras, ta ɗauka ta koma wa ɗanta. Yaran gidan, waɗanda ba su taɓa ganin ungulu ba sai a littafin makaranta, suka ɗauki ihu. Ana ta dubi mijinta, ta dubi kawu, ta dubi naman da aka jera mata a kan ganye tsaf.

"Har ya tashi," in ji ta. "Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Aka sallami mai inji. Aka yi biki, aka ci aka sha, Musulmin layin suka cika rumfa guda. Ungulaye suka yi wa rumfar surukai abin da Ana ta ji tsoro, Jika ya bi da bokiti da tsumma ya wanke da kansa, yana ba da haƙuri yana ɓoye murmushi. Kwana biyu bayan biki bai iya tashi daga gado ba, Talatu tana gasa masa baya tana yi masa tsiya.

Sai ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi. Da gari ya waye Jika ya fito ya ga abin da Dantong ya faɗa ya faru: wani reshe ya karye ya lotsa kwanon kicin ɗin Ana, ruwa ya shiga ya jiƙa mata buhun masara. Sheƙar tana nan, ɗan yana nan, ya yi baƙi ya kusa kai girman uwarsa, amma bai tashi ba. Jika ya daɗe tsaye. Alkawari alkawari ne, amma shi ba zai zauna a ce don tsuntsunsa rufi ya faɗa wa maƙwabta a ka ba. Ya sa hularsa, ya rataya madubinsa, ya zagaya gidan Dantong da nufin ya ce ya yafe ladan, a kira mai inji. Ƙafarsa tana tafiya, zuciyarsa tana ja da baya.

Ya same su a tsakar gida, Dantong da guduma a hannu, Ana da tsintsiya, amma ba mai aiki a cikinsu. Duk sun ɗaga kai.

"Maman Klaudiya, na zo ne in ce..."

"Shhh! Baba Jika, yi shiru, za ka tsorata shi. Tun ɗazu yana gwadawa. Kawo wannan abu naka."

Ta zare madubin daga wuyansa ba ta ko nemi izini ba, ta kafa a ido. Ɗan ungulun ya fito har ƙarshen reshe, ya buɗe fukafukai ya rufe, ya buɗe ya rufe. Iyayen suna shawagi can sama. Ya yi tsalle ya dawo. Ana tana cewa, "Oya mana, oya, kada ka ba mu kunya." Sai ya saki reshen. Ya yi ƙasa kamar zai faɗo kan katanga, Jika ya dafe ƙirji, sannan iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Ya wuce kan gwaiba, ya wuce kan rufin gidajen layin, ya yi sama yana karkacewa har ya isa inda iyayensa suke. Ana ta saki guɗa irin wadda ta yi ranar da aka fita da Klaudiya.

Jika ya tsaya yana kallo har wuyansa ya gaji. Ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, ya feɗe shanun da ba zai iya tuna yawansu ba, amma bai taɓa jin ƙirjinsa ya cika irin na wannan safiya ba. Ungulu uku a sararin Jos, kuma ɗaya a gabansa aka ƙyanƙyashe ta, da jijiyar da ya wurga ta girma. Ya share fuska da hannun riga, ya juya ga Dantong.

"To, Baban Klaudiya, ya tashi. Ba ni lambar mai inji."

Dantong ya dubi matarsa. Ana ba ta sauke madubin daga ido ba.

"Ya zo ya cire reshen da ke kan kicin kawai," in ji ta. "In an sare duka, baɗi in suka dawo ina za su sauka?"

Har yanzu idan ka bi ta layin da sassafe za ka ji muryar tsoho daga bayan katanga yana faɗa wa hankaka ya kauce, ba nasa ba ne. Kasko ya zama biyu, ɗaya a kowane gefen katanga, kuma Ana ta fi shi faɗa idan zalaidu ya hana kurciya sha. Ranar da wani baƙo a masallaci ya tambayi Malam Jika sana'arsa, bai ce tsohon mahauci ba. Ya gyara zaman madubin da ya sake mantawa a wuyansa, ya ce, "Ungulu nake kiwo. Bana muna sa ran na biyu."